Ba a Jan Mota da Tamfol a Ɗaure

Ran nan jikana ya zo da abokansa ƙofar gareji suna ta tura mini waya a fuska. Wai in ga wata mota a ƙasar Turawa. Ta faɗa taɓo har rabin ƙofa, sai wani ya fito da ɗan gajeren wando, ya maƙala ƙugiya a bishiya, ya danna wani abu da babban yatsa, igiya ta yi ta naɗe kanta, mota ta fito tana ɗigar laka. Suka kwashe da dariya. Jikan nawa ya ce, "Tsoho, ashe wannan ne aikin da kake cika mana kunne da shi? Ai ko ni sai in yi."

Na ce su maimaita mini. Da suka maimaita na tambaye su, "Mi ke bayan motar?" Suka ce ba a nuna ba. Na ce, "To ni ban ga aiki ba tukuna." Sun ɗauka rigimar tsufa ce. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗi yadda abin yake, domin akwai ranar da sunana a ƙasar Kusada ya rataya a kan abin da ke bayan wata mota, kuma saura ƙiris ya tafi.

Sunana Sale. Gidanmu a Kankia gidan ƙira ne, garma da lauje da gatari muka gada. Bayan an karɓi mulki daga hannun Turawa da kaɗan, mahaifina ya ga motoci sun fara yawa a titin Kano zuwa Katsina, ya ce ƙarfe ya koma kan taya, ya kama hannuna ya kai ni wurin Malam Garba. Shi Malam Garba tsohon direban En'e ne, wato hukumar gargajiya, da ya buɗe gareji a bakin titi. Gajere ne, mai ƙaramar murya, kuma ban taɓa jin ya yarda da maganar direba ba. In direba ya ce masa, "Yanzun nan ta fara wannan ƙarar," sai ya zura hannu ƙarƙashi ya shafo, ya shinshina, ya ce, "Yanzun nan na watan jiya." A wurinsa na koyi walda da gyaran sifirin da jan mota. A wurinsa kuma na koyi zargi, wanda shi ne rabin sana'ar.

Aikin ja na farko da na bi shi a fadamar Kafin Soli ne, tsakiyar damina. Motar wani ɗan kasuwa ce ta ɗauko gishiri da kanwa ta kafe. Kafin mu isa mutanen gari sun riga sun yi nasu. Sun ɗaura igiya a bamba, ƙarfen gaban nan mai ƙyalli, sun ja da kabbara, bamba ta taho hannunsu, mota tana nan inda take. Direban kuma ya yi ta taka totur har tayoyin baya suka haƙa wa kansu rami, cikin motar ya zauna daram a ƙasa. Malam Garba bai taɓa sarƙa ba. Ya zagaya motar, ya tsuguna, ya yi ta tsoma sanda a taɓo nan da can don ya ji inda ƙasa mai ƙarfi take. Sannan ya ce a kwance tamfol a sauke kaya, duka. Direba ya ce ai 'yan buhunan ba su taka kara sun karya ba. Malam Garba ya koma inuwa ya zauna ya ciro goro. Da aka ga da gaske yake, aka sauke.

Daga nan aiki ya fara, kuma babu abin da ya yi kama da na wayarku. Da shebur ake kwashe lakar da ta riƙe cikin mota. A shimfiɗa katako mai kauri a ɗora jak a kai, in ba haka ba jak ɗin ne zai nutse mota tana kallonka. A ɗaga taya ɗaya, a cusa duwatsu da rassan sabara da geza, a sauke, a koma ɗayar. A rage iska don taya ta baje. Babu bishiya kusa, sai muka haƙa rami can gaba muka binne gungume a gicciye da sarƙa ɗaure a tsakiyarsa, muka maƙala cen-bulok, injin sarƙar nan da ake ja da hannu, yana jawo kaya kaɗan-kaɗan kamar ba ya so. Ƙugiya kuwa a ƙashin mota ake sa ta, wato ƙarfen da aka ɗora bodi a kai. Malam Garba ya jiƙa buhu ya yafa a tsakiyar sarƙar, don in ta tsinke ta faɗi ƙasa, kada ta tafi da ƙafar wani. Tun hantsi muke abu ɗaya, sai da aka kira la'asar motar ta taka busasshiyar ƙasa. Tafin hannuna ya daɗe bai yarda ya rufu ba.

A hanyar komawa na tambaye shi me ya sa ya kafe a kan sai an sauke kaya, ko don nauyi ne. Ya ce nauyi dalili ne, amma ba shi kaɗai ba. Yana sabon shiga ya taɓa jawo wata mota can wajen iyaka, tamfol ɗaure tamau, ya karɓi ladansa har da godiya. Ashe yadin fasa-ƙwauri ne a ciki. 'Yan doka da suka kama motar ba su tambayi wa ya sayo ba, wa ya jawo suka tambaya, ya sha zaman da bai shirya masa ba.

"Sale," ya ce, "duk abin da ka jawo, kai ka kawo shi gari. Ba a jan mota da tamfol a ɗaure. Ko ta liman ce, a kwance mu gani."

Da ya yaye ni na sayi wata a-kori-kura a gwanjo, motar nan mai buɗaɗɗen baya, na sa mata suna Tsohuwa. A jikinta na koyi shirya mota don daji. Masu kawo mini aiki su ne masu tonon rijiya, da malaman dabbobi masu allurar shanu, da masu awon hanya, mutanen da kan yi kwanaki ba su ga kwalta ba. Nakan ƙara musu fallen sifirin don mota ta ɗaga ta ɗauki nauyi. In ƙera ƙugiya gaba da baya da hannuna, daga ƙarfen tsohuwar babbar mota, don ta kanti ba ta taɓa burge ni ba. In yi kwandon ƙarfe a sama, da mazaunin duron ruwa da na jarkar mai. Shebur da diga da gatari a gefe nake rataye su, inda hannu zai kai ko mota ta nutse, domin na ga wanda ya binne sheburinsa ƙarƙashin buhun siminti, ya koma yana haƙa da kwanon cin abinci. Sai dogayen katakai biyu: da rana a sa wa taya ta taka, in an sauka a jera su a shimfiɗa tabarma a kwanta, kunama tana ƙasa kana sama. Tamfol kuma a ja shi daga kwando zuwa sanduna biyu ya zama rumfa. Kowane abu da aikinsa. In mutum ya nemi abin da ban ga aikinsa ba, sai na tambaya.

Akwai dai wurin da ni da Tsohuwa da cen-bulok ba mu isa ba, shi ne mashigin ƙoramar da ke gaban Kaikai. Yashi ne a sama, laka a ƙasa. Ba bishiya, gungume kuma ba ya kamuwa a yashi, sai ya yi ta biyo ka. A nan na san Buba. Bafulatani ne da ya zauna wuri ɗaya ya haɗa noma da kiwo, yana da bijimai biyu na huɗa, fari da baƙi, Daneri da Baleri. Ni na ƙera masa zoben karkiya da sarƙar ja. In mota ta kafe a mashigin, ni da haƙa da jak, shi da bijimai. Ba ya dukansu. Sai ya tsaya gefe da sandarsa a kafaɗa, ya ɗaga murya, "Daneri! Baleri! Hoo!" Su sunkuyar da kai tare su tafi, mota ta biyo.

Buba bai taɓa kirana da sunana ba. "Maƙeri" yake ce mini, in ya so tsiya ya ƙara da "mai baƙin hannu". Ni kuma in ce masa "Jauro", alhali ko kaji ba ya sarauta. Matarsa Hajjo takan ajiye mini ƙwaryar nono a gareji duk ranar kasuwa.

Shekarar fari ta zo ta same mu a haka. Ba ruwa, ba taɓo, ba ja. Na koma ƙira, ina ƙera lauje ba hatsin da za a yanka da shi. Motocin da na shirya da hannuna suka koma jigilar fatu, don fata ce kaɗai ta yi yawa a ƙasar. Garken Buba ya yi ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Na je na tarar ya kwance jinkar ɗakinsa yana ba bijiman nan biyu, shi da iyalinsa suna kwana ƙarƙashin tsirarun sanduna. Da su ya tsira, su da wata 'yar karsana. Da su zai yi huɗarsa, ya yi wa wasu ya samu hatsi. Kuma wanda ya san karkiya ya san sa ɗaya ba ya jan ta.

Ba a jima ba sai ga kuɗin mai. Sabuwar naira a hannun kowa, wanda jiya yake sayar da goro yau ɗan kwangila ne. Wata ranar bazara sai ga sabuwar a-kori-kura shuɗiya ta tsaya a garejina, ko ledar kujera ba a cire ba. Mai ita dogo ne, da babbar riga da agogon da yake yawan dubawa ba don lokaci ba. Ya ce in kira shi Alhaji. Na tambayi gari, ya nuna kudu da haɓa. Ya ce so yake a shirya masa motar don kwanan daji.

"Wane aiki za ta yi a dajin, Alhaji?"

"Shan iska."

Na ɗauka kunnena ne. A ƙasarmu daji wurin aiki ne. Mai kwana a cikinsa ko dai makiyayi ne, ko maharbi, ko matafiyin da dare ya yi wa, ko kuwa wanda ba ya so a gan shi. Mutum da fankarsa a gida ya ce zai je ya kai wa sauro jikinsa don nishaɗi? Ya ce ai haka manya ke yi yanzu, a wurin Turawa ya gani, a fita a kwana a harbi zabi. Na ce to, Allah ya ba da sa'a.

Sifirin ya fara nema, fiye da wanda nake sa wa masu rijiya da ke ɗaukar siminti. Na ce a raina, waɗannan zabi da nauyi suke. Amma mai shiga daji yana da hakkin sifirin, na sa masa. Ya ga tayoyin Tsohuwa masu manyan haƙora, ya ce irinsu yake so, na sa aka kawo daga Kano na ɗaura. Na yi masa ƙugiya da mazaunin duro. Ranar da ya dawo ɗauka sai ya zo da sauran buƙatu. Yana son zobba a kusurwoyin bodi, can ƙasa, wai na ɗaure tukunya. Yana son gado na katako mai faɗi, da 'yan sanduna a gicciye taki-taki, da ƙarafa biyu a kai da za su maƙale a bakin bodi ɗayan ƙarshen ya sauka ƙasa.

Na ce, "Alhaji, wanga gado ai haƙarƙari zai karya maka. Kuma mi ya kai gado jingina daga mota zuwa ƙasa? Hawa za a yi ko kwanciya?"

Ya yi dariya ya ce likita ya ce ya riƙa kwana a karkace. Sai kuma ya nemi in yi masa makunni na daban da zai kashe fitilun baya, wai kada su tsorata zabi.

"Zabin can ta baya suke kallon mota?"

Na ce masa aikin da na yi na yi, saura kuwa ya yi haƙuri, injin waldata ya lalace. Ya juya ya kalli injin, yana nan yana ta ruri. Ya yi murmushi, ya sallame ni, ya ja motarsa.

Da ruwan farko ya sauka sai shanu suka fara ɓata. Yau a Yashe, jibi a bayan Kusada, kuma ba garke ake kora ba, ɗaya ake zaɓa, mafi kyau. Masu bin sawu su bi kofato zuwa wani wuri sai ya yanke, sawun taya ya ɗauka. Taya mai manyan haƙora. Duk ƙasar kuwa mota ɗaya aka sani da irin wannan taya, Tsohuwa, kuma kowa ya san mai ita ya san kowace ruga da kowace ɓarauniyar hanya. Na yi ta ba da labarin shuɗiyar mota. Sai a ce wa ya gan ta? Mene ne sunan mai ita? Ɗan wane gari ne? Ni kaina da na saurari labarin a bakina sai na ji kamar ƙirƙira ce. Masu gaishe ni daga nesa suka daina, masu kawo garma gyara suka koma wani wuri.

Sai aka wayi gari babu Baleri. Ranar kasuwa ta zo, ƙwaryar Hajjo ba ta zo ba. Da azahar sai ga Buba da kansa, ya tsaya daga bakin rumfa bai shigo ba.

"Salamu alaikum, Malam Sale."

Yau da sunana ya kira ni. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na amsa, na ba shi wurin zama, bai zauna ba. Ya zagaya Tsohuwa a hankali, ya tsuguna, ya gwada faɗin taya da tafin hannunsa. Ya ce, "An ga sawun mota bayan rugata. Na auna shi. Haka yake."

Na ba shi labarin Alhaji tun daga shan iska har zuwa zabi. Ya saurara bai katse ni ba.

"Wa ya sa mata tayan?"

"Ni."

"To." Ya gyara sandarsa. "In Baleri bai dawo ba, huɗar bana ta wuce ni. Samarinmu kuma suna ta magana a kan garejin ga. Na hana su. Amma ba kullum nike gida ba."

A cikin makon aka kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da hantsi sai ga wani mai keke daga Kaikai, jiƙe sharkaf, ya ce in yi sauri, mota ta kafe a mashigi da mace marar lafiya a ciki, kuma ƙorama tana cikowa. Mutanen gari ne suka aiko shi, ba mai motar ba. Na loda kaya na tafi.

Tun daga kan tudu na hango ta, shuɗiya. Ta zauna a tsakiyar mashigi, ruwa ya rufe rabin taya, tamfol ɗaure har ƙasa ta ko'ina. A bakin bodi an rataye zanen mace, ga takalma 'yan ƙanana da buta an ajiye a kan tamfol ɗin. Ƙamshin turaren wuta kuwa tun daga gaɓa yake dukan hanci. Alhaji yana tsaye a ruwa ya tattare riga, shi da wani da ban sani ba.

Na sauka na yi yadda aka koya mini. Na zagaya, na tsoma sanda, na tsuguna na leƙa ƙasa. Fallen sifirin da na ƙara da hannuna sun miƙe sun kwanta, saura kaɗan bodi ya taɓa taya.

Na ce, "A kwance tamfol a sauke kaya."

"Ba kaya ba ne," in ji Alhaji, da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Iyalina ne. Ba ta da lahiya, asibiti za mu."

Nan take jama'a suka yo kaina. Wani dattijo ya ce, "Haba Sale! Matar mutum za ka leƙa?" Na ce ba ni zan leƙa ba, ga mata nan a gaɓa, ɗaya ta leƙa ta gaishe ta. Alhaji ya ce ciwon na ɗauka ne, ba ya so ya ɗauki alhakin kowa. Matan suka ja da baya. Na ce, "Jama'a, ku dubi sifirin ɗin nan. Wace mata ce za ta kwantar da shi haka?" Aka yi salati. Wani ya ce ban da kunya. Wani kuma daga baya, da muryar da yake so in ji, ya ce, "Yau kuma shi ke zargin wani."

Ruwa yana ƙaruwa, ana ganin kumfa da karare suna wucewa. Na koma gefen Tsohuwa na zauna. Ba ni da goro, amma zaman Malam Garba na yi. Na san kuwa in da gaske mace ce a ciki ƙorama ta tafi da ita, ba ni ba zaman Kankia har abada.

Ana cikin haka sai ga Buba, an kira shi, yana jaye da Daneri shi kaɗai. Alhaji bai san shi ba, har yana yi masa sannu da zuwa. Buba ya dubi motar, ya dubi tayoyinta, ya daɗe yana duban zanen da ke rataye. Sannan ya zo inda nake.

"Malam Sale, in ba ka ja, ba ni sarƙa. An ce mace ce a ciki."

Na ce, "Buba, tamfol a ɗaure yake."

"Na gani. Ba ni sarƙa."

Na ba shi. Da na ga wani zai maƙala ta a bamba sai na kasa zama, na shiga ruwa na sa ta a ƙugiya, na jiƙa buhu na yafa. Aka yi wa Daneri ɗaurin ƙirji da igiya tunda babu abokin karkiya, matasa suka jeru a baya za su tura. Daneri ya ƙi tsayawa sosai, sai juyowa yake yana hura hanci wajen motar. Buba ya shafa wuyansa, ya koma gefe, ya ɗora sanda a kafaɗa, ya buɗe murya yadda ya saba.

"Daneri! Baleri! Hoo!"

Motar ta girgiza. Ba daga gaba ba, daga ciki. Buta ta faɗa ruwa, takalma suka bi ta. Masu turi suka watse. Aka ji wani gurnani a toshe, bodi ya sake karkata, sai ga tsinin ƙaho ya ɓullo ta cikin tamfol, baƙi, da 'yar tsagar nan a kai da duk wanda ya taɓa aiki da Baleri ya sani.

Har yau ban sani ba, suɓutar baki ce irin ta wanda ya shekara yana kiran suna biyu tare, ko kuwa da gangan ya yi. Na tambaye shi daga baya, ya ce shi bai tuna ba.

Abokin Alhaji ya riga ya kai gaɓa ya shiga gero. Alhaji kuwa babbar riga ta jiƙe ta riƙe shi. Da ba don limamin Kaikai ya shiga tsakani da carbinsa a hannu ba, da ban san yadda za a ƙare ba. Aka tasa shi gaba zuwa wurin dagaci. Mu kuma muka yanke igiyoyin tamfol. Baleri yana kwance a gefe ɗaya, ƙafafu huɗu a ɗaure a zobba, baki a naɗe da buhu, ga kaskon turare a kusurwa ya mutu. A gefensa ga gadon Alhaji, da sandunansa a gicciye. Da shi muka sauko da bijimin. Ya daɗe a durƙushe a cikin yashi, Buba yana yi masa magana da Fulatanci a kunne, kafin ya yunƙura ya miƙe.

Mutane suka fara zuwa suna ba ni hannu, har da mai maganar nan ta baya. Ni Buba nake kallo. Ya hau bodin motar, ya tsuguna, ya sa babban yatsa yana shafa waldar zoben nan. Ya san ɗinkina, shekara da shekaru yana riƙe da shi a karkiyarsa. Ya shafa na biyu. Ya sauko ya juya gadon ya duba ƙarafan.

"Wanga ɗinki ba naka ba ne," ya ce. "Kamar kashin kaza."

Na ce, "Ba nawa ba ne."

Ya zagaya, ya durƙusa a cikin ruwa, ya leƙa ƙarƙashi, ya ƙwanƙwasa sifirin da sandarsa.

"Wanga hwa?"

"Wannan nawa ne."

"Shi ya ɗauki Baleri."

"Shi ya ɗauke shi."

Ya miƙe, ya matse bakin rigarsa, ya kama igiyar bijimansa biyu. Sai da ya kai gaɓa ya juyo.

"Maƙeri!"

Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Na ce, "Na'am, Jauro."

"Daga yau duk motar da ka ƙara wa sifirin, ka aiko a gaya mani launinta."

Shuɗiyar motar washegari na jawo ta, da umarnin dagaci, ba komai a bayanta sai yashi. Ranar kasuwa ƙwaryar Hajjo ta dawo. Saƙon kuwa ban taɓa fashinsa ba har Buba ya bar duniya. In na gama aiki sai in ce wa Hajjo, "Ki ce mashi fara ce, ta masu rijiya," ko "Ki ce mashi ja ce, ta malamin dabbobi." Wata shekara sifirin Tsohuwa ya gaji na canja mata, na ce to doka doka ce, na aika masa cewa wannan karon tawa ce.

Kasuwa ta zagayo, Hajjo ta sauke ƙwarya, tana rufe baki da gefen mayafi.

"Ya ce a gaya maka, ita ya hi sa wa ido."